Hannun da Ya Taɓa Binciken Kaltume

Shafi na 19

Masu turo min saƙo kuna cewa na bar ku a rataye, na ji ku. Musamman ke da kika ce kin ƙona shinkafa saboda Kaltume, ba ni na ce ki ɗora tukunya ki ɗauki waya ba. Ga shi nan, a nemi wuri a zauna.

*

Ko sallama Kaltume ba ta yi ba. Ta tura ƙofar falon, jakar makaranta a kafaɗa ɗaya, hijabinta ya karkace ba ta ma sani ba.

Tun daga bakin makaranta har gidansu a Unguwar Sarki ba ta san hanyar da mai keken ya bi da ita ba. Muryar Malama Halima, mai duba bincikenta, kaɗai take ji a kunnenta.

Yau ce ranar tattaunawar ƙarshe. A tsarin diflomar ƙasa da ƙasa da makarantarsu ke yi a shekara biyun ƙarshe na sakandare, kowane ɗalibi sai ya yi dogon bincike da kansa. Kafin a tura shi waje wurin masu ba da maki, malamin da ke duba shi zai zauna da ɗalibin, ya yi masa tambayoyi, sannan ya sa hannu cewa aikin nasa ne. Babu sa hannun nan, babu bincike. Babu bincike, babu difloma, ko da mutum ya cinye sauran darussan gaba ɗaya.

Da murmushinta ta shiga wurin tattaunawar, don ta san aikinta kamar yadda ta san ɗakin kwananta. A kan kanwa ta yi shi, kanwar da ake jefawa a miyar ganye: shin tana riƙe sinadarin bitamin C da ke cikin alayyahu, ko kashe shi take yi? Wata da watanni tana dafa ganye tana aunawa a ɗakin gwajin makaranta. Amsar ta fito fili, kanwa kashe shi take yi.

Malama Halima ta juyo mata da fuskar kwamfuta, ta karanta mata wani sakin layi.

"Me kike nufi da wannan?"

Kaltume ba ta taɓa ganin sa ba.

Malamar ta gangara zuwa sakamakon gwaji. Lambobin duk sun canza. Yanzu cewa suke yi kanwa na ƙara wa ganye amfani.

"A gabana kika yi gwajin nan, Kaltume. Abin da muka gani ke nan?"

Shi ne Malama ta ce ba za ta sa hannu ba, gobe a zo da iyaye.

A falon, yayanta Sharhabil na kwance a doguwar kujera, ƙafa a kan hannun kujerar, yana danna waya. Bai daɗe da samun aikin koyarwa a wata kwaleji ba, tun daga lokacin kuwa ko ruwa zai sha sai ya gyara murya.

"Yaya."

"Na'am, Farfesa. An dawo?"

"Me ka yi wa aikina?"

Ya sauke wayar, fuskarsa ta washe.

"Au, sun gani? Me suka ce? Na san sai sun yaba."

Jakar ta zame daga kafaɗarta ta faɗi.

"Ashe kai ne."

"To wa zai yi miki in ba ni ba? Ranar da kike kwance da zazzaɓi aka ce in tura miki, na buɗe na duba. Kaltume, tsakani da Allah wannan abin furojet ne? Babu babi na ɗaya, babu babi na biyu. Babu sadaukarwa, babu godiya ga iyaye. Sannan ki ɗauki shafi guda cur kina lissafa kurakuran da kika yi a wurin gwaji. Wa ke tona wa kansa asiri a takardar jarrabawa?"

"Shi ake nema! Shi ake ba wa maki, Yaya! So suke su ga na san inda aikina yake da rauni."

"Kin ji shirmen."

"Lambobin fa?"

"Na ɗan daidaita su."

"Ka daidaita."

"A farko kin ce kina tsammanin kanwa na riƙe amfanin ganye. A ƙarshe kin dawo kin ce ba haka ba ne. Wane malami ne zai ba ki maki bayan kin ƙaryata kanki da bakinki? Mu a jami'a abin da ka faɗa a babi na ɗaya shi kake samu a babi na biyar. Haka ake yi."

Ya faɗi haka hankalinsa kwance, kamar mai koya wa yaro ɗaurin takalmi. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Da a ce mugunta ce ya yi, da ta san yadda za ta tsane shi.

"Sakin layin da ka cusa min, daga ina ka ɗauko su?"

"Daga furojet ɗina. Wanda na ci babban maki da shi, in kin manta."

"Naka?"

"Nawa mana."

"Malama ta saka aikin a na'urar da ke gano satar rubutu. Ta nuna min a gabana. Kalma da kalma, na wani mutum ne a wata jami'a, ya rubuta shi tun kana sakandare."

Ta matsa kusa da shi.

"Yaya, naka daga ina ya fito?"

Ya tashi zaune. Gyaran muryar nan yau bai zo ba.

"Ke, ki iya bakinki."

"Tambaya na yi."

"Na ce ki iya bakinki! Makarantar taku abin da take koya muku ke nan, ku riƙa yi wa manya tambaya kamar 'yan sanda?"

Daidai nan suka ji tsayuwar mota a ƙofar gida.

*

Alhaji Maliki ya shigo da babbar riga a naɗe a kafaɗa. Darakta ne a wata ma'aikatar gwamnati, mutum ne da ko a gida maganarsa a jere take fita kamar yana karanto sanarwa. Sunan mahaifiyarsa aka sa wa Kaltume, don haka tun tana zanen goyo Mamana yake ce mata.

Yau bai ce ba.

"Kaltume, zauna."

Ta durƙusa a kan kafet. Amma can ƙasan ranta ta ji sanyi. Abba ne ya kai ta makarantar nan da kansa, shi ya tsaya kai da fata lokacin da dangi ke cewa karatun ya yi wa 'ya mace yawa. In ya ji abin da Yaya ya yi, yau gidan nan ba mai zama lafiya.

"Malam Jibrin, shugaban sashen diflomarku, ya kira ni a ofis. Na ji komai."

"Abba, wallahi ban sani ba. Yaya ne ya..."

"Ni na sa shi."

Ta ɗago kai. Ta yi zaton kunnenta ne.

"Na'am?"

"Na ce ni na sa shi ya duba, ya gyara abin gyarawa. Tunda na fara aikin gwamnati ban taɓa ganin takarda ta bar teburin ƙaramin ma'aikaci ta tafi sama ba tare da na gaba da shi ya sa mata hannu ba. Ƙarami ya rubuta, babba ya gyara, sunan ƙaramin na nan a ƙasa ba a goge ba. Ni kaina haka aka yi min, haka nake yi wa na ƙasa da ni. Takarda za ta tafi har ƙasar waje da sunan gidana, in bar ta ta fita daga hannun yarinya kai tsaye?"

"Abba, ba takardar ofis ba ce. Sun faɗa tun ranar farko, kai ma kana wurin taron iyaye. Ba a yarda wani ya sa hannu ba. Ko Malama Halima sau ɗaya aka yarda ta karanta, shi ma shawara kawai za ta bayar, ba za ta canza ko harafi ba."

"Ko'ina haka ake faɗa a wurin taro."

"Su da gaske suke yi."

Ya murza goshinsa. Da alama yau ɗin shi ma ya gane hakan.

"Abin da ya wuce ya wuce," ya ce. "Malam Jibrin ya ce hanya biyu ce. In wani ne ya taɓa aikin ba da saninki ba, sai mutumin ya zo gaban kwamiti ya faɗa da bakinsa, a rubuta a rahoto, su bar ki ki miƙa ainihin naki da malamarku ta gani tun farko. In kuma ke kika yi, za su cire sunanki daga masu zana diflomar."

"To ai shi ke nan, Abba. Yaya ya zo ya faɗa."

Sharhabil ya sunkuyar da kai. Abba bai ko kalli inda yake ba.

"Ba zai je ba."

"Abba..."

"Ba a tabbatar masa da aikinsa ba tukuna. A cikin kwamitin makarantarku akwai wani babba a kwalejinsu. Ranar da aka rubuta cewa ya canza sakamakon gwajin ɗaliba, kuma aka fara tambayar inda rubutun nan ya fito, ranar aikinsa ya ƙare. Ba aikin kaɗai ba, har takardar digirinsa sai an waiwaya. Kin san garin nan, maganar da aka yi a Doka da safe, kafin azahar ta isa Abakpa."

"To ni fa?"

"Ke yarinya ce. Gobe za ki ce ruɗin ƙuruciya ne, kin ga lokaci ya ƙure kina rashin lafiya, kika ɗauko na wani kika haɗa. Ni zan ba su haƙuri. Na san mutane."

"Abba, a nan ba a sanin mutane. Masu makin ko sunana ba sa gani, lamba suke gani. In na ce ni na yi, shi ke nan, an cire ni."

"Sai ki zana jarrabawar fita sakandare irin ta 'ya'yan kowa. Mu da muka zana ta mun mutu ne?"

Hawayen da take riƙewa tun a makaranta suka ɓalle.

Shekara biyu. Bikin ƙawarta na kusa ba ta je ba saboda gwaji. Hutu ya zo, yaran unguwa na yawon sallah, ita tana asibitin yara tana aikin sa-kai da tsarin ya wajabta. Ta shiga makarantar nan tana haddace littafi ta juye a takarda, aka yi ta dawo mata da aikinta da tambaya ɗaya a gefe da jan biro: ta yaya kika sani? Ta yi kuka, ta yi fushi, ta ce malaman ba sa son ta. Sai da ta kusa shekara kafin ta gane cewa a karon farko a rayuwarta wani ne yake son jin abin da ita take tunani. Yau kuma mahaifinta na ce mata ta je ta ce ita ɓarauniya ce.

"Abba, kai ka kai ni. Kai ka ce kana son in koyi yin tunani da kaina."

"Tunani na ce. Ban ce ki tona asirin gidanku ba."

"Ƙarya fa zan yi wa kaina."

"Rufin asiri za ki yi wa ɗan'uwanki. Gaba yake da ke. Gobe in babu ni, shi ne ubanki."

Ta juya ta kalli Sharhabil.

"Yaya, ka yarda? Ka yarda in ɗauka?"

Ya ɗauki wayarsa yana kallon baƙin gilashinta.

"Ki yi haƙuri, Kaltume. Ni taimako na yi niyya."

Abba ya miƙe, ya gyara rigarsa.

"Na gama magana."

*

Umma tana kicin tana yanka alayyahu. Hajiya Delu ke nan, matar da duk dangi suka sani da iya miya, wadda ko suna ake yi a Abakpa sai an aiko a ɗauke ta ta tsaya a kan tukunya. Ƙofar kicin a buɗe take, babu abin da ba ta ji ba, amma wuƙar ba ta tsaya ba.

Kaltume ta jingina da bango ta sulale ƙasa.

"Umma, kin ji abin da suka yi min?"

Wuƙa na ta aiki.

"Umma, ki yi wa Abba magana. Ke kaɗai yake ji."

Umma ta jawo wani damin ganyen.

Nan wani abu ya faɗo wa Kaltume a rai. Ranar da za a tura aikin tana kwance, jikinta kamar garwashi, nas ɗin da ke maƙwabtaka da su ta ɗaura mata ƙarin ruwa. Umma ce zaune a bakin gado tana shafa mata goshi da jiƙaƙƙen tsumma. Umma ce ta sunkuyo ta ce, faɗa min lambar sirrin kwamfutar, yayanki ya tura miki, ke ki yi barcinki.

"Umma."

"Ina jin ki."

"Ranar da kika karɓi lambar sirrina, kin san abin da za a yi?"

Wuƙar ta tsaya.

"Ni na kai wa Abbanku maganar."

Kaltume ta dafe bango, alhali a zaune take.

"Ke?"

"Kin tuna sunan gidan Goggonki Ladi? Aka tambaye ki me kike karantawa, kika zauna a tsakiyar mata kina bayani, baki har kunne. Wai kin auna, wai kanwa kashe amfanin ganye take yi. A gaban ƙannen ubanki. Ladi ta tafa hannu ta ce, ashe shekara da shekaru dusa Delu ke ba ɗan'uwanmu. Aka yi ta dariya. Ina tsaye da ludayi a hannu, tukunyar da na wuni a kanta tana gabana."

"Umma, wasa suke yi..."

"Ke kika ji wasa. Ni ban yi boko mai zurfi ba, Kaltume. Ban da ofis, ban da takarda. Abu ɗaya aka san ni da shi a dangin nan. Uwata ce ta koya min, ita ma uwarta ta koya mata. Shi ne 'yar da na haifa za ta rubuta wa Turawa cewa ban san abin da nake yi ba, a buga hatimi, a ba ta lambar yabo a kai."

Muryarta ta karye a ƙarshen. Kaltume ba ta taɓa ganin Umma na kuka a kicin ba in ba albasa take yankawa ba.

"Umma, don ke na zaɓi binciken nan. Wallahi don ke. Kullum kina cewa kanwa ce ke fito da amfanin ganye, na ce bari in nuna musu uwata tana da gaskiya. Da ya fito ba haka ba na sake, na kuma sakewa. Na je wurin Malama ina kuka na ce zan canza wani batun. Ta ce min amsar da ba ki so ita ma amsa ce, ki rubuta ta."

"Sai kika rubuta."

"Na rubuta. Na kuma rubuta cewa kanwa na sa ganye ya yi laushi da wuri, yana rage cin wuta, yana riƙe korensa. Na ce matan da suka gano wannan ba tare da ɗakin gwaji ba sun san abin da suke yi. Duk yana ciki, Umma. Kin karanta?"

"Da wane Turancin?"

Gaskiya ne, Kaltume ba ta taɓa zama ta fassara mata ba. Ta yi wa Malama bayani, ta yi wa ƙawaye, ta yi wa goggonni, ita mai miyar ce kaɗai ba ta yi wa ba. Wannan ya soke ta, amma bai rage zafin abin da aka yi mata ba ko kaɗan.

"Ni cewa na yi a cire wurin da ya taɓa ni," in ji Umma tana share ido da gefen ɗankwali. "Ban san zai kai haka ba. Na ɗauka kamar ɗinki ne, a rage nan a ƙara can."

"Ina kwance, Umma. Kina shafa min goshi."

"Na sani."

"Da Yaya ne kaɗai, da na ce halinsa ne. Da Abba ne, da na ce ofis ne ya bi shi har gida. Amma ke?"

Kaltume ta ja jiki ta matso, ta riƙe gefen zanenta kamar yadda take yi tana ƙarama.

"Abu ɗaya nake roƙon ki. Ban ce ki ambaci sunan Yaya ba. Ban ce ki ja da Abba ba. Gobe in an tambaye ki, ki faɗa musu ranar ina kwance, ban san inda kaina yake ba, ba ni na tura ba. Shi ke nan. Malama ta san aikina, in ta ji haka daga bakinki za ta tsaya min."

Umma ta ɗora hannunta mai ɗanshin ganye a kan Kaltume.

"Tashi ki wanke fuskarki ki ci abinci. Ni na haife ki. Ba zan bari a wulaƙanta ki ba."

Kaltume ta yarda. Ni kaina mai ba ku labarin nan, da ina kicin ɗin da na yarda.

*

Washegari da safe su uku suka shiga ofishin Malam Jibrin. Sharhabil ya riga kowa fita daga gida, wai yana da aji.

Malam Jibrin dattijo ne siriri mai farin gilashi, ba ya ɗaga murya, ɗalibai kuma sun fi tsoronsa a kan masu ɗagawa. Malama Halima na gefensa. Ta dubi Kaltume, idanun yarinyar sun kumbura, ta kawar da kai.

Aka gaisa. Abba ya gyara zama, ya fara da muryar taro.

"Malam, da farko ina ba da haƙuri a madadin iyalina. Mun zauna da yarinya a gida, ta amsa kuskurenta. Ƙuruciya ce da ruɗin lokaci. Ina roƙon a duba ƙoƙarinta na baya, a sassauta."

"Alhaji, sassauci ba a hannuna yake ba," in ji Malam Jibrin. "Takardar nan darajarta ɗaya ce: duk jami'ar da ta gan ta, a ko'ina take a duniya, ta san abin da ke ciki yaron ne ya yi da kansa. Ranar da muka tura aikin da muka san ba haka yake ba, mun zubar da ta sauran yaran gaba ɗaya. In ita ta yi, yau zan cire sunanta."

Malama Halima ta kasa haƙuri.

"Malam, ka ba ni dama. Shekara biyu ina tare da yarinyar nan. Ta taɓa zuwa ta same ni ta ce in rage mata maki, na yi kuskure na ba ta abin da ba ta ci ba. Wadda ta yi wannan ba za ta zauna ta canza lambobin da na gani da idona ba. Ba ma ta rubutu haka. Kuma makon da aka tura aikin ba ta zo makaranta ba, an ce min ba ta da lafiya."

Ta juya wurin Umma.

"Hajiya, ke uwa ce, kina gida. Ranar da aka tura aikin nan, a wane hali Kaltume take? Ita ta tura da hannunta?"

Ga tambayar ta zo, daidai yadda Kaltume ta roƙa. Ta juya ta kalli mahaifiyarta.

Umma na kallon yatsun ƙafarta. Abba ya yi gyaran murya, ƙasa-ƙasa, sau ɗaya.

"Ta ɗan yi zazzaɓi," in ji Umma. "Amma ranar ta warware. Ita ta tura."

Malama Halima ta jingina da kujera a hankali.

Kaltume ta manta da Malam Jibrin, ta manta da Abba, ta manta cewa ba a yi wa uwa haka a gaban mutane.

"Umma."

"Kaltume!" in ji Abba.

"Umma, ki kalle ni ki maimaita."

Ta yi zaton ba za ta iya ba. Duk abin da ya rage mata a duniya a lokacin shi ne wannan zaton.

Umma ta ɗago kai. Idanunta sun yi ja. Ta kalli 'yarta cikin ido.

"A gabana kika tura."

Malam Jibrin ya cire murfin bironsa.

"Kaltume," ya ce, "saura ke. Wa ya taɓa aikin nan?"